Gorunan Baba Kwalba

Shekara ashirin da bakwai Baba Kwalba ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida, har ta kai jikokinsa ba su san yana da wani suna ba. Aikinsa bai wuce ya buɗe ɗaki da safe, ya share, ya jera kayan da malami ya rubuta masa a takarda, in an tashi ya wanke ya kife. Karatunsa a firamare ya tsaya. Amma mutum ba ya shafe waɗannan shekaru a bayan aji da kunne a buɗe ya fita yadda ya shiga. Akwai darasin da ya fi so, wanda ake zuba yis, sinadarin kumbura burodi, da sukari a ruwan ɗumi, a ɗaura balan-balan a bakin kwalba, a ajiye a taga. Kafin a kaɗa ƙararrawa sai ka ga balan-balan ta kumbura. Shi ke haɗawa, shi ke wankewa. Duk tambayar da malami zai yi a kai ya san amsarta, sai dai bai taɓa buɗe baki ba, don ba wannan aka ɗauke shi yi ba.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya zauna. Zaman ne bai iya ba.

Matarsa tana sayar da yankakkun 'ya'yan itace a bakin ƙofar asibiti, abarba da kankana da gwanda, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Abarba. Da safe take fita, sai la'asar ta dawo. Cikin wata guda da zamansa ya sake wa kicin ɗinta tsari sau uku. Ya manna wa kowane gwangwani takarda, ya rubuta gishiri a kan gishiri. Kwanon da ta wanke sai ya ɗaga shi a rana ya duba, ya sake wankewa.

Ranar da ta nemi ludayinta ta rasa, ta same shi a rataye a ƙusa tare da 'yan'uwansa, an jera su daga dogo zuwa gajere, sai ta zauna a kan turmi ta dube shi.

"Malam, don girman Allah ka nemi abin yi. In ba haka ba ni zan yi ritaya daga gidan nan."

"Gyara na yi miki, Maman Auta."

"Na gode. Ka je ka gyara wa wani."

Aikin da ta yarda ta bar masa ɗaya ne, zubar da ɓawo. Kullum takan dawo da bokiti cike da ɓawon abarba, shi kuma ya kai bola. Wata rana ya sha'afa, bokitin ya kwana biyu a lungun bayan kicin, ruwan sama ya ɗan shiga. Da ya zo ɗauka sai ya ga ƙananan kumfa suna tasowa ta gefe, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancinsa. Ya san warin nan. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya tuna wani malami, tun shekarun farko, ya taɓa cewa in aka bar irin wannan ruwa iska tana shigarsa, aka yi haƙuri, shi ne yake komawa ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kwalba. A makon nan kuwa ya ji 'yarsa Auta, wadda take aikin jinya, tana mitar cewa 'yar kwalbar khal da take wanke ganye da ita ba ta yin kwana goma.

Matsalar ita ce mazubi. Tukunyar ƙarfe tsami zai ci ta. Tulu ba a ganin abin da ke ciki, shi kuwa mutum ne da ya saba aiki da ido. Babbar kwalba irin wadda yake so ba ta samuwa a kasuwarsu. Sai da mijin Auta ya zo gaishe su da motar aikinsa sannan dabara ta faɗo masa. Surukin nasa direba ne a wani kamfanin ruwan sha, yana rarraba manyan gorunan roba masu launin shuɗi-shuɗi, irin waɗanda ake kifawa a kan na'ura a ofisoshi.

"In gora ta tsufa me kuke yi da ita?" Baba ya tambaye shi.

"In bakinta ya ɗan gutsure ko ta dushe, ware ta ake yi, Baba. Suna nan jibge a bayan sito. Wa zai hana ka?"

Washegari ya kawo guda huɗu. Baba bai karɓa da ka ba. Ya sa hanci a bakin kowace, ya ɗaga ta a rana yana juyawa. Ɗaya ya ce an taɓa zuba mata kananzir. Direba ya rantse an wanke ta fiye da sau biyar.

"Ko sau ɗari ne. Roba tana riƙe wari, ba kamar kwalba ba. Abin da ba ruwan sha ba in ya shige ta, ta tashi daga aiki."

Ɗaya kuma ya ga cikinta duk ƙarce, ya ce datti zai maƙale inda hannu ba ya kaiwa. Biyu ya ɗauka. Ya wanke su da ruwan ɗumi, don tafasasshe yana lanƙwasa roba, ya kife su a inuwa. Ya wanke ɓawo, ya yayyanka ƙanana don su bi ta ƙaramin bakin, yana tura su da sanda. Ya zuba ruwa da sukari, ya jijjiga, ya ajiye a lungu.

A rana ta uku gorar ta fara magana. Kumfa na tashi, ɓawo na hawa yana sauka. Baba ya ɗauko kujera ya zauna gabanta kamar mai kallon talabijin. Sai dai ƙananan ƙudaje sun gano wurin, suna ta shawagi a bakin. A rana ta huɗu za shi asibiti duba wani tsohon abokin aikinsa, ya ga ba zai bar musu ba, sai ya ɗauko murfin gorar ya danna shi da tafin hannu har ya zauna daram. Ya ce a ransa awa biyu ce kawai. Shi da ya kumbura balan-balan ta fi ɗari da hannunsa, ya manta iskar kumfa sai ta nemi hanyar fita.

Hira ta yi daɗi a asibiti, awa biyu ta zama biyar. Rana ta karkato ta shiga lungun. Mai Abarba ta dawo, ta shanya wankinta a igiyar da ta bi ta wurin, tana juya baya ta ji kamar an harba bindiga. Murfi ya bugi kwanon rufi ya faɗo, ruwa mai yauƙi ya yi tsiri ya wanke mata zannuwa uku da farin mayafinta na unguwa.

Da ya dawo bai tarar da faɗa ba, abin da ya fi faɗa ya tarar. Ta ajiye masa baho da sabulu da zannuwan a tsakar gida, ta shige ɗaki. Ya naɗe hannun riga ya wanke su tas, ya shanya. Da ta fito ta duba mayafin, ta ga ya fi yadda ta wanke shi fita, ta ce, "To, ko ba komai an samu mai wanki."

Karo na biyu ya yi hankali. Ya sa zarto ya yanke wuyan gorar daga kafaɗa, yadda hannu zai shiga kuma iska ta samu fili. Ya rufe da farin ƙyalle ya ɗaure da igiya. Bai cika ta ba, ya bar mata wurin numfashi. Ya kafa tsohon buhu ya tare rana. Kullum da safe ya motsa da muciya sabuwa da ya hana kowa taɓawa. Bayan kwana goma kumfa ta kwanta, ya tace ɓawon ya zubar, ya mayar da ruwan, ya daina motsawa. Daga nan sai jira.

A mako na huɗu wata yana, kamar ta saman madara, ta fara shimfiɗuwa a saman ruwan, fara-fara, mai santsi. Ya san ba fumfuna ba ce, don fumfuna gashi gare ta, takan yi kore ko baƙi. Wannan ita ce ake ce wa uwa, ita ke mayar da ruwan khal, kuma in ka samu guda ka samu iri. Ya so ya gaya wa matarsa, sai ya ce bari ta ƙara kauri ya nuna mata ta yi mamaki.

Ranar da ya je karɓar takardun fansho, Mai Abarba ba ta fita kasuwa ba. Tana shara ta leƙa lungu, ta ɗaga ƙyallen, ta ga wani abu kamar fatar da aka jiƙa yana yawo a sama. Tausayinsa ya kama ta, ta ce wahalar bawan Allah ta ruɓe. Don kada ya dawo ya gani ransa ya ɓaci, ta kinkimi gorar ta tuttular a kwata, ta wanke ta da omo, ta kife masa ita yadda yake so.

Ya dawo ya tsaya a bakin lungun. Ta yi masa bayani tana jiran godiya. Ya je kwatar ya tsuguna, ya ga uwar ta maƙale a jikin dutse, ƙasa duk ta ɓata ta. Ya daɗe a tsugune. Da aka kawo abinci ya ci loma biyu ya ture.

Shekara talatin da huɗu suna tare, ta san fushinsa, ta kuma san wannan ba fushi ba ne. Ta matso da tabarmarta.

"Malam, abin nan da na zubar, shi ne abin?"

"Shi ne."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Na saba ne. Can wurin aiki ba a tambayata, ni ma ba na faɗa."

"Nan ba wurin aiki ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Ka faɗa mini yadda abin yake, daga farko."

Ya faɗa mata. Ya fara da in'ina, yana neman kalmomi, sannan bakinsa ya saki. Ya ce akwai wasu halittu ƙanana a jikin ɓawon da ido ba ya gani, su ke cin sukari su yi kumfa. In sun gama sai wasu su karɓa, su kuma iska suke so, su ne masu kawo tsami. Ta yi masa tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya ce bai sani ba. Washegari da ta dawo kasuwa, ɓawon abarba daban yake a leda mai tsabta, ba ta haɗa shi da na kankana ba, kuma ta sa masa har da zuciyar abarbar da ta saba ba yara kyauta.

Karo na uku goruna biyu ya ɗora. Suna cikin kwanakin kumfa, lokacin da warin ya fi ƙarfi, sai wata fitina ta ɓullo ta inda bai zata ba. Bayan katangar lungun shagon wani tela ne, mutum mai kirki amma bakinsa ya fi kekensa gudu. Ya shaƙi wari kwana uku, ya gaya wa mai aski, mai aski ya gaya wa duk kan da ya zo hannunsa. Kafin mako ya ƙare wata mata da ta zo sayen kankana ta dafa Mai Abarba ta ce, cikin tausayawa, Allah ya shirya mata maigida, tsufa da dafa giya ba daɗin ji.

Ta dawo gida tirenta ko rabi bai ƙare ba. Ta ce, "Ka ga abin da ake faɗa a kanmu. Ni ba na tsoron wari, Malam, amma ina tsoron bakin mutane. Muna da 'ya a gidan miji."

Maganar ta taɓa shi, don shi ma abin ya taɓa yi masa tsaye a rai. Ya san akwai 'yan kwanaki a tsakiya da ruwan yake ɗaukar wannan wari kafin ya wuce zuwa tsami. Bai yi gardama ba. Ya ce ta ba shi mako uku.

Da uwa ta sake fitowa, ruwan ya yi garau, tsaminsa yana tsinka hanci, sai ya zaga da kansa ya yi sallama a shagon telan. Ya ce, "Maƙwabci, taso ka ga wani abu." Tela ya biyo shi yana kame-kame, tef a wuya.

"Ni fa Baba ba wani abu na ce ba. Cewa na yi ruwa ba ya tsami banza."

"Gaskiyarka. Ga ruwan, ga tsamin. Gani ya kori ji."

Ya ɗebo cokali guda ya miƙa masa. Tela ya dubi cokalin, ya dubi Mai Abarba da ke tsaye ta harɗe hannu, ya ga ba hanyar gudu. Ya kurɓa. Idonsa ya rufe, wuyansa ya shige kafaɗa, ya yi tari har da hawaye.

"In ka bugu ka faɗa, in goya ka zuwa shago," in ji Baba.

Mai Abarba ta juya baya tana dariya a mayafi. Baba bai bar maganar a nan ba. Ya nuna masa uwar, ya ce warin da ya ji ba ƙarya hancinsa ya yi ba, hanya ce da ruwan yake bi, kuma ba wanda yake taɓa shi a wannan lokaci. Ya ce yanzu da ya samu iri, tun ranar farko zai riƙa zuba tsohon khal a sabon haɗi don tsami ya kama shi da wuri. Sannan ya cika masa 'yar kwalba, ya ce ya goge gindin dutsen gugarsa da ya yi baƙi.

Bakin da ya ɓata shi ne ya gyara. Kwana biyu tela yana nuna wa duk wanda ya shigo dutsen guga yana sheƙi. Mai aski ya aiko a ba shi na goge madubi. Auta ta kai wa abokan aikinta, suka ce ya fi na kanti ƙamshi. Wata mai gidan abinci a bakin tasha ta aiko a ɗanɗana mata, daga baya ta ce a riƙa ajiye mata duk mako. Goruna suka zama shida, sannan tara, a jere a kan katako, kowace da takarda a jikinta da ranar da aka haɗa ta. Mai Abarba ta fara ajiye kwalabe huɗu ko biyar a gefen tirenta. Ba wata dukiya ba ce, amma sukarin gida da sabulu sun daina jiran fansho.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai gorar da fumfuna ta kama don ɓawo ya taso sama ya sha iska, ya zubar da ita duka bai yi jayayya ba. Akwai wadda ta tsage a gindi bayan shekara guda, ta tsiyaye a hankali har tururuwa suka ba da labari. Tun daga nan ba ya barin khal ya daɗe a roba. Da ya nuna sai ya juye a kwalabe, gorar kuma in ta fara dushewa ya ba matarsa ta shuka barkono a ciki.

A shekara ta biyu idonsa na dama ya fara hazo. Auta ta matsa aka duba, aka ce sai an yi aiki. Aikin ya yi kyau, amma likita ya kafa doka: mako uku ba sunkuyawa, ba ɗaukar abu mai nauyi. Baba ya fi damuwa da gorunan fiye da idon. Yana kwance da bandeji yana lissafa wadda ta isa tacewa.

"Ka kwanta," in ji Mai Abarba. "Ni da nake yanka abarbar zan kasa jiƙa ɓawonta?"

Ya ce ta kawo takarda ya faɗa mata awo. Ta ce ita ba ta girki da takarda. Daga kan gado yana jin motsinta a lungu, yana kira, "Kin wanke muciyar? Kin bar mata wurin numfashi?" Tun tana amsawa har ta koma kunna rediyo.

Da aka sake shi, wurin da ya fara zuwa lungun ne. Ya tarar da komai a tsare, sai dai gora biyu da ta haɗa da kanta babu takarda a jikinsu, kuma launinsu ya fi nasa duhu. Ya jira suka nuna. Ranar da aka tace, ya ɗiba ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya sake ɗiba.

"Me kika sa?"

"Abarbar da ta nuna sosai har ba ta sayuwa. Da kai kake cewa ɓawo kawai. Sai na rage sukari, tunda ita ma da zaƙinta. Da ɗan citta."

"Citta ba ta cikin tsari."

"To zubar."

Bai zubar ba. Ya sake kurɓa, ya goge baki, ya ce a hankali, "Ya fi nawa."

Ta ce ba ta ji ba, rediyo ya taɓa mata kunne. Ya maimaita da ƙarfi. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai ta sani, so take ya faɗa.

Mai gidan abinci ma da ta ɗanɗana cewa ta yi daga yau irin wannan take so. Sai suka raba lungun biyu, goruna biyar nasa, huɗu nata, kowa da muciyarsa. Da mangwaro ya fara shigowa kasuwa, ta dawo wata la'asar da kwando guda na waɗanda suka faffashe a mota, ta dire a gabansa.

"Wannan fa, zai yi?"

Ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya sansana. "Ban taɓa gwadawa ba."

"Ni ma haka."

Ya aika wa surukinsa saƙo ya duba masa gora biyu masu kyau a bayan sito. Ita kuma ta ɗauko wuƙa da baho, ta tura masa kujera da ƙafa, suka zauna suna fere.